Tambaya da Amsa: Mun wanke sulallan kakarmu da toka da lemun tsami, me ya rage na darajarsu?

Tambaya

Assalamu alaikum, Baba Malam. Ina rubuto maka ne daga wani ƙauye tsakanin Ringim da Taura a Jihar Jigawa. Ruwan daminar bana ya kayar da bangon ɗakin kakarmu, wadda ta rasu shekara shida ke nan. Muna kwashe ƙasa don mu sake gini sai muka tarar da wata 'yar tukunya a binne a gindin gadonta, an toshe bakin da tsumma. A ciki akwai tsofaffin kuɗi guda 47. Ɗaya babba ce mai hoton mace, an rubuta 1780 a bayanta. Akwai sulalla 20 masu hoton bishiya, 12 farare, 8 rawaya. Sauran 26 masu huji ne, manya da ƙanana.

Duk sun yi baƙi. Maiɗakina da ƙanena suka zauna suka wanke wasu da toka da lemun tsami, babbar kuma aka dirje ta da soson waya har ta yi fari ƙal. Sun gama da ita da fararen sulalla bakwai da masu huji kamar goma. Ni ma da na gani na ji daɗi. Ranar Lahadi na kai su kasuwar Gujungu, wani mai sayen tsofaffin kaya ya juya su a hannu ya ce wai mun kashe su, ya yi mini tayin da ban ji daɗinsa ba, na ce albarka. Wani abokina kuma ya nuna mini a waya cewa mai 1780 ɗin miliyoyi ake sayar da ita. Baba, da gaske wanki yana kashe tsohon kuɗi? Yaya ake sanin matsayinsa da farashinsa? In ƙarasa wanke sauran ne, ko kuwa akwai yadda za a mayar wa waɗannan baƙinsu?

Amsa

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan kaka, ya sa ta huta. Kafin ka ƙarasa karanta wannan shafi, tashi ka ɗauke waɗanda ba a wanke ba ka ajiye su inda hannu ba zai kai ba, musamman fararen sulallan nan biyar. Ko da bakin riga kada a shafa su. Idan akwai wani abu a tukunyar nan da zai wuce kuɗin ƙarfensa, to a cikinsu yake.

Zan fara da babbar, don na san ita ce ta hana ka barci. Dalar azurfa ce ta ƙasar Ostiriya, matar da ke jiki kuwa Sarauniya Mariya Tireza ce, wadda ta mutu a 1780. Abin da abokinka bai gaya maka ba shi ne, tun da ta mutu ba a daina buga wannan dala ba, kuma ba a taɓa canza shekarar ba. 'Yan kasuwar ƙasashen Larabawa da Habasha da nan yankinmu sun amince da ita a yadda suka san ta, ba sa karɓar wadda aka sauya wa kama, don haka aka ci gaba da buga 1780 a kan wadda aka yi a 1850 da wadda aka yi a 1940. An buga ta a Biyana, an buga a Rum da Faris da Landan da Bombai, kuma har yau gidan buga kuɗi na Ostiriya yana fitar da sababbi. Adadinsu ya kai ɗaruruwan miliyoyi. Ta hanyar fataken hamada ta shigo mana, har Bajamushen nan Heinrich Barth da ya zo Kano a 1851 ya tarar ana canjin dala ɗaya a kan wuri 2,500. Akwai bugun farko-farko da masana ke bambancewa da ƙananan alamu, kamar siffar maɓallin da ke kafaɗar sarauniyar da haruffan da ke ƙarƙashin hotonta, kuma waɗannan suna da tsada. Amma a shekara talatin da na yi ina juya tsofaffin kuɗi tsakanin kasuwar Kurmi ta Kano da kasuwannin ƙauye, duk wadda ta zo hannuna bugun baya ce. Saboda haka ka cire maganar miliyoyi a ranka. Abin da ke hannunka azurfa ce mai kyau: cikakkiyar dala nauyinta giram 28.07, kashi 833 cikin 1,000 azurfa ce, wato giram 23.4 na tsantsar azurfa. A nan sai in ce ka yi sa'a ta wani gefen, domin tun da farko kuɗinta bai yi wa kuɗin azurfarta nisa sosai ba, soson wayar bai samu abu mai yawa da zai ci ba. Ya ci ɗan ƙarin da mai sha'awa zai biya a kan mai kyan fuska, ya bar maka ƙarfen.

Sulallan masu bishiyar kwakwar manja su ne na hukumar kuɗi ta Afirka ta Yamma, wadda Turawan Ingila suka kafa a 1912, ta fara fitar da taro da sisi da sule da fataka na azurfa a 1913. Duba shekarun fararen naka. Daga 1913 zuwa 1919 azurfa ce kashi 925 cikin 1,000. Bayan yaƙin duniya na farko azurfa ta yi tsada, sai a 1920 aka rage ta zuwa rabi a wasu daga cikin kuɗaɗen, a cikin wannan shekarar kuma aka koma rawayan ƙarfe gaba ɗaya. Rawayan nan takwas naka babu ɗigon azurfa a cikinsu, balle zinariya kamar yadda wasu ke zato. Mutanenmu na wancan zamani sun gane wannan sarai. Da rawayan sule ya shigo, sai kowa ya riƙa kashe shi a kasuwa yana ɓoye farin, wasu su binne, wasu su kai wa maƙeran fari a yi musu munduwa. Ina kyautata zaton kakarka ma gadon fararen ta yi daga mahaifiyarta, kuɗin gyaɗa ne na shekarun da jirgin ƙasa ya fara zuwa Kano. Wannan ne ya sa nake damuwa da biyar ɗin da suka tsira. Sulen da aka binne yana da shekara uku ko huɗu a duniya bai sha hannu sosai ba, zai iya kasancewa yana da kyau ƙwarai a ƙarƙashin baƙin nan.

To, yanzu maganar wanki. Mutumin Gujungu bai yi maka ƙarya ba, ko da yake ya faɗi gaskiyar ne don ya saya da arha. Kowane tsabar kuɗi yana da fata. Lokacin da hatimin ƙarfe ya danne shi da ƙarfi a gidan buga kuɗi, ƙarfen yakan malala daga tsakiya zuwa gefe, ya bar wasu sirararan layuka da ido ba ya iya gani. Su ne ke sa idan ka karkata sabon sule a rana ka ga haske yana zagaya shi kamar hannun agogo. Wannan sheƙin sau ɗaya ake yin sa, ranar da aka buga kuɗin. Ka san rawani ɗan Kura, yadda yake ɗaukar ido saboda shuni da bugu, kuma ka san abin da zai faru idan aka tsoma shi a ruwan omo. To shi rawani ana iya mayar da shi wurin marina da mabuga. Sule ba shi da mabugin da za a mayar da shi.

Baƙin da kuka gani kuwa ba dauɗa ba ce. Azurfa ce da kanta ta haɗu da farar wutar da ke cikin iska da hayaƙin girki, ta yi wa kanta mayafi siriri. Masu tara kuɗi suna son wannan mayafin, don shi ne shaidar cewa ba a taɓa kuɗin ba, wani lokaci ma yakan fito da launin shuɗi ko ruwan zuma a gefe wanda ake ƙara kuɗi saboda shi. Lemun tsami da tsamiya suna cinye mayafin tare da saman ƙarfen, su bar fuska fari fat marar rai. Toka da yashi da man goge baki da soson waya kuwa kankara suke yi, su bar dubban ƙananan zane. Su biyun kuka haɗa.

Ga yadda za ka gani da idonka. Shiga ɗaki ka rufe ƙofa, ka kunna tocilan guda ɗaya. Riƙe sule ta gefe da yatsu biyu, ka karkata shi a hankali a ƙarƙashin hasken. Dubi filin da ke gaban fuskar sarki, inda babu rubutu. A wanda aka wanke za ka ga zane-zane sirara kamar gashi, duk sun nufi waje ɗaya, suna bayyana suna ɓacewa yayin da kake juyawa. Za ka kuma ga baƙi ya maƙale a lungun haruffa inda toka ba ta shiga ba, alhali filin ya yi fes. Sannan ƙyallin nasa a shimfiɗe yake kamar na cokali, ba ya zagayawa. Ɗauki ɗaya daga cikin biyar ɗin ka yi masa haka, za ka ga bambancin da kanka. Zanen da yawo a hannun mutane ke jawowa a warwatse yake, wannan ya yi gabas wancan ya yi kudu. Na wanki kuwa a jere yake kamar kunya a gona.

Ni ma ta nan na koya. Ina saurayi, sabon malamin makaranta, mahaifina ya ba ni fataka ta 1913 da ya daɗe yana ajiya a cikin gafakarsa. Kowane ganyen bishiyar a tsaye yake, ta yi wani launi kamar ruwan toka da ɗan shuɗi. Na sayo man goge ƙarfe irin na 'yan sanda na yini ina murza ta da ƙyalle, don in girmama ta a ganina. Wani dattijo mai sayar da kayan da a kasuwar Kurmi ya karɓa, ya matsa bakin rumfa, ya karkata ta sau biyu, ya miƙo mini ya ce, "Yaro, wa ya yi maka wannan aiki?" Ya zaunar da ni ya nuna mini zanen ɗaya bayan ɗaya. Fatakar tana nan a wurina har yau, shekara kusan arba'in, ta sake yin duhu amma zanen yana nan a ƙarƙashi. Shi ya sa ba zan so ka ga laifin maiɗakinka ko ƙanenka ba. A gidajenmu duk abin da yake da daraja wanke shi ake yi, daga kwanon jere har tasa, kuma da wannan kyakkyawar niyya suka yi.

Ka tambayi yadda ake sanin matsayi. Abu biyu ake dubawa dabam-dabam, kuma mutane suna yawan cakuɗa su. Na farko shi ne yadda kuɗin ya cinye saboda yawo, na biyu shi ne abin da aka yi wa fatarsa. Wajen cinyewa, wuraren da suka fi tudu ake kallo, don su ne ke fara lafewa. A farin sule akwai Sarki Joji na Biyar sanye da kambi. Dubi ɗaurin kambin, inda duwatsun ado suke, da gemu, da kunci, sannan ka juya ka dubi ganyen bishiyar. Idan kan sarki ya zama inuwa kawai, rubutu na karantuwa da ƙyar, wannan ya faɗi ƙasa warwas. Idan ana ganin siffar kambi da gemu amma duwatsun sun haɗe sun zama layi ɗaya, shi ne matakin da Turawa ke yi wa alama da harafin F. Idan ana iya ƙirga yawancin duwatsun, ganyen bishiya a rarrabe, sai dai saman tudun ya ɗan lafe, VF ke nan. Idan sai ka ƙura ido kafin ka ga inda ya gogu, kuma akwai sauran sheƙin asali a lungun haruffa, wannan EF ne. Wanda bai taɓa shiga kasuwa ba sam shi ake rubuta wa UNC. Mutanen Amurka kuma lamba suke sawa, daga 1 zuwa 70, tsarin da wani likita William Sheldon ya fito da shi a 1949. Daga 60 zuwa sama na waɗanda ba su yi yawo ba ne. Tazarar farashi tsakanin matakan ƙasa kaɗan ce, amma daga EF zuwa sama tsalle take yi.

Wanki ba ya canza wannan awo na farko. Sulen da duwatsun kambinsa suke a fili, suna nan a fili bayan toka, sai dai in an dirje shi da mugun ƙarfi. Abin da yake yi shi ne ya ɗora masa aibi na dindindin. Akwai manyan kamfanoni biyu a Amurka da duniya ta yarda da hukuncinsu, PCGS da aka kafa a 1986 da NGC a 1987. Ana aika musu kuɗi su duba, su sa masa lamba, su rufe shi a cikin roba mai tauri. Idan suka ga an wanke, za su tabbatar na gaske ne, su rubuta matakin cinyewarsa, su rubuta cewa wankakke ne, amma ba za su ba shi lamba ba. Mai saye yana ganin babu lamba sai ya ja baya. A abin da na gani da idona, wankakken sule yakan tashi a rabin kuɗin ɗan'uwansa da ba a taɓa ba, wani lokaci ƙasa da haka, kuma asarar ta fi ciwo a kan wanda tun asali ya fi kyau. Wanda ya riga ya suɗe, wankinsa da rashin wankinsa kusan duk ɗaya ne, don dama kuɗin azurfarsa za a biya. Kada kuma ka yi tunanin aika naka can. Ladan dubawa da kuɗin aikawa da dawowa, duk da dalar Amurka, za su cinye abin da ke tukunyar su nemi ƙari.

Farashi kuma daga ƙasa ake gina shi. Ƙasan shi ne azurfa, kuma wannan babu tokar da za ta taɓa shi. Farin sule nauyinsa giram 5.66 yana sabo, tsantsar azurfar ciki giram 5.23. Kasuwar duniya da oza take faɗin farashin azurfa, oza ɗaya giram 31.1 ce, don haka ka riƙe wannan lissafi mai sauƙi: fararen sulalla shida oza ɗaya ne, dala kuwa kashi uku cikin huɗu na oza. Naka goma sha biyun oza biyu ke nan, da dalar ya zama wajen oza biyu da kashi uku cikin huɗu, giram 86 ko ƙasa kaɗan saboda cinyewa.  Ranar da za ka sayar, sa a duba maka farashin oza a waya, a juya shi zuwa naira da canjin ranar. Maƙerin fari ba zai ba ka cikakken wannan ba, dole ya cire ribarsa da ladan narkarwa, amma za ka san inda kake tsaye. Duk tayin da ya faɗo nesa ƙasa da wannan, ka ce albarka da ƙarfin zuciya. Ka je wurin masu sayar da zinariya a auna maka a ƙaramin sikelinsu a gabanka. Idan dalar ta yi ƙasa da giram 27 sosai alhali ba ta suɗe ba, akwai alamar tambaya, don jabunta suna da yawa. Mayen ƙarfe ba ya kama azurfa, idan ya kama ta magana ta ƙare, sai dai rashin kamawa kaɗai ba shaida ba ce, tunda dalma da tagulla ma ba ya kama su.

Abin da ke saman kuɗin azurfa shi ne na masu sha'awa, kuma shi ya danganta da shekara da alamar gidan bugu da matsayi. A gindin bishiyar wani lokaci za ka ga ƙaramin harafi. H na nufin kamfanin Heaton ne ya buga a Bamingam, KN kuma Kings Norton, idan babu komai na gidan buga kuɗi na masarautar Ingila ne. Shekara ɗaya tana iya kasancewa da mai harafi da marar harafi, ɗaya ya fi ɗaya wuyar samu. Rubuta shekara da harafin kowanne a takarda. Akwai shafin intanet mai suna Numista inda za ka ga hoto da nauyi da adadin da aka buga. Idan kuma za ka duba farashi a kasuwar intanet ta eBay, nemi sashen waɗanda aka riga aka sayar. Abin da abokinka ya nuna maka farashin da wani ya rubuta ne yana jiran mai tsautsayi, ni ma ina iya rubuta miliyan goma a jikin akuyata in ɗaure ta a Maigatari ranar Alhamis. Abin da aka miƙa aka karɓa shi ne farashi.

Masu hujin ba zan daɗe a kansu ba. Babban shi ne kwabo, matsakaicin ɗari, ƙaramin anini, wanda goma suke kwabo ɗaya. An buga su da yawan gaske kuma ba azurfa ba ne, ko da sun yi fari. Duba abu biyu kawai. Idan ka ga anini marar nauyi kamar ganye mai 1907 ko 1908, na sanholo ne, yana cikin kuɗaɗen farko a duniya da aka yi da wannan ƙarfe, kuma saboda ya riƙa ruɓewa aka daina shi da wuri, mai kyansa yana da masu nema. Sai kuma na 1936 masu sunan Sarki Edward na Takwas, wanda ya sauka daga gadon sarauta a shekarar da ya hau. A Ingila kanta ba a saki kuɗi da sunansa ba, amma mu nan an saki namu. Labarin yana da daɗi, ana kuma yawan ruɗar mutane da shi, sai dai an buga miliyoyinsu, farashinsu kaɗan ne. Jajayen kwabban tagulla na 1952 zuwa sama su ne wanki ya fi yi wa illa, don lemun tsami yana mayar da su wani ja-ja kamar ɗanyen nama wanda ake ganewa daga nesa.

Batun mayar da baƙi, kada ka fara. Za ka ji masu cewa a rufe su da dafaffen ƙwai, ko a rataye a madafi, ko a binne a ƙasa wata guda. Za su yi duhu, amma duhun dabbare-dabbare ne, zanen kuma yana nan, mai ido zai gani cikin daƙiƙa, sai ya zama aibi biyu maimakon ɗaya. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Bayan haka, ɓoye aibin kaya ga mai saye algus ne, kuma ka san matsayinsa a addini. Abin da za ka yi wa wankakkun shi ne ka ɗauraye su sau ɗaya da ruwa mai tsabta don sauran tsamin ya fita, ka ɗora su a kan ƙyalle mai laushi su bushe da kansu ba tare da gogawa ba. Sannan kowanne a naɗe shi a farar takarda shi kaɗai. Kada ka zuba su a leda mai laushi, don da zafinmu takan yi gumi ta bar musu wani kore mai danƙo, kada kuma ka haɗa su a gwangwani ɗaya suna gogar juna. Da shekaru za su yi duhu a hankali, fuskarsu ta ɗan daidaita. Ranar sayarwa ka ware su gefe ka ce waɗannan bakwai an wanke, waɗannan biyar ba a taɓa ba, kowane kashi da cinikinsa. Kada ka yarda a yi maka kuɗin goro a kan tukunyar gaba ɗaya, don a nan ne masu kyau ke tafiya a farashin marasa kyau. Kuma ka nuna wa mutum uku kafin ka sallama, ka karɓi kuɗinka hannu da hannu.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma dole in faɗa. Kuɗin nan a ɗakin kaka aka same su, saboda haka dukiyar magada ce, ba ta wanda ya tono ba. Kafin ka sake kai su kasuwa, ka tara iyayenka da baffanninka da gwaggwanninka ka nuna musu, a kira malamin da ya raba gadonta. Da ni ne, zan roƙe su a sayar da wankakkun bakwai da dalar a raba, a bar biyar ɗin nan da anini ɗaya da kwabo ɗaya a gidan, yara su riƙa ganin abin da aka sayi gero da shi a zamanin kakanninsu. Ka ɗauki hoton biyar ɗin gaba da baya a hasken safe, ba da fitilar waya ba, ka aiko wa mujallar, zan faɗa maka matakin da nake ganin kowanne yake.

Tambaya

Malam, ni mace ce daga wajen Ɗambatta. Ina da dala uku irin masu hoton mace da na gada a wurin innata, kowacce an liƙa mata kunne ana zura zare. Wani ya ce in kai a cire kunnuwan a goge wurin, za su fi tsada. Haka ne?

Amsa

Hajiya, a bar su yadda suke. Wurin da maƙeri ya sa wuta ya liƙa kunne ya riga ya ƙone, idan aka cire tabo zai bari a gefe, kuma gefen dalar nan akwai rubutu da ado a jikinsa wanda ba ya gyaruwa. Masu tara kuɗi suna ɗaukar wadda aka cire wa kunne a matsayin mai aibi, daidai da wankakkiya, don haka za ki biya ladan aiki ki kuma rage nauyin azurfarki. Da kunnuwansu kuwa kayan ado ne na da, irin wanda matan Fulani ke jerawa a gashi da wuya, kuma akwai masu neman su a haka, musamman idan tsohon zaren ko duwatsun da aka jera su tare suna nan. Idan sun yi miki duhu kina son sawa a biki, ruwan ɗumi da ɗan sabulu marar ƙarfi ya isa, ki taɓa da tafin yatsa kawai, ki ɗauraye, ki bar su su sha iska. Ki kuma sa a auna miki su, ukun za su haura giram 84 kaɗan saboda kunnuwan, ki rubuta nauyin ki ajiye tare da su.